Hitar Motar Kawu Maliki

Kawu Maliki ƙanen mahaifiyata ne. Tun da na yi wayo na gan shi yana ɗinkin kujerun mota a Kawo, cikin wata rumfar kwano da ke bayan tasha. Keken ɗinki ɗaya gare shi, sai tulin soso, da ledoji kala-kala a nannaɗe, da warin gam da ke bin rigarsa har gida. Bayan kujeru yana gyaran rufin cikin mota da jikin ƙofofi, kuma in rana ta tsaga dashbod, shi ke kwance shi ya lulluɓe shi da sabuwar leda. Ba ruwansa da inji. Wannan aikin Mamman ne, bakaniken da rumfarsa ke manne da tasa, wanda kullum da tsokanarsa gari ke waye musu.

"Tela, an tashi lafiya? Yau zanen wa za a yi wa leshi?"

"Lafiya lau, mai wanka da baƙin mai. Matsa can kada ka ɓata min soso."

A ƙarshen shekarun tamanin sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai motocin da aka riga aka hau a wasu ƙasashe suka fara kwararowa ta Kwatano. Kowace iri ce, Beljiyam ake ce mata. Kawu kuwa bai yarda da wannan kuɗin goro ba. A wurinsa kowace mota da garinsu, kuma ba a jikinta ake ganewa ba, sai an zauna a ciki.

Nakan biya ta rumfarsa in an aike ni, in sami benci in zauna. Ba ni da surutu, shi kuma yana son wanda zai saurare shi, sai muka dace. Wata rana aka kawo masa ƙananan motoci biyu ƙirar Sitalet, kalarsu ɗaya, shekarar ƙirarsu ɗaya. Ya ce in shiga ta farko.

"Sa'adatu, me kika gani?"

Na ce mota na gani.

"A'a, duba dai. Ga maɓallin iyakwandishan. Ga rubutun Larabci a madubi. Kujerun fari-fari ne don kada su ɗau zafi. In kika taka ta da yawa, wata 'yar ƙararrawa za ta yi ta damunki har sai kin sassauta. Wannan 'yar Jidda ce. To shiga waccan."

A ta biyun, inda maɓallin iyakwandishan yake a ta farko, wani ɗan murfin roba ne baƙi ya toshe gurbin. Kujerun yadi ne mai kauri, baƙi ƙirin. A gilashin baya akwai siraran layuka ja, ya ce su ke narkar da ƙanƙara. A tsakiyar dashbod kuma ga wani ɗan hannu da ake turawa daga shuɗi zuwa ja.

"Wannan daga Jamus take. Can sanyi ne abokin gabarsu, ba rana ba. In kika tura nan, ruwan zafin inji zai bi ta wasu tiyo biyu ya shigo wani ɗan lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta huro miki ɗumi. Sunanta hita. Masana'anta ɗaya ta haife su, amma kowace an yi mata kayan aure daidai da gidan da za a kai ta."

Ya san na Ingila, waɗanda sitiyarinsu ke dama kuma malejinsu ke ƙidaya da mil. Irin waɗannan in an mayar da sitiyarin hagu, shi ake kawo wa ya rufe ramin da aka bari, kuma yakan gargaɗi mai motar cewa sittin ɗin da yake gani ba sittin ɗin da ya saba ba ce. Ya san waɗanda aka harhaɗa a nan gida, masu kujerun leda da ba sa tsoron laka, dashbod ɗinsu fayau ba tarkace. Ba ya raina kowace. Yakan ce kowa ya san abin da ke cin mutanensa.

A Kawo babu mai son hita. Duk motar da ta iso daga Turai, kafin ma a wanke ta, bakanike zai zare tiyon nan biyu, ya haɗa bakinsu wuri ɗaya, ya bubbuge bututun da ke shiga cikin mota ya toshe su. An ce hita ke sa inji zafi, an ce wata rana za ta fashe ta zubo wa mutum tafasasshen ruwa a ƙafa. Ba a ma tambayar mai mota, don ba wanda ya taɓa cewa a'a. Mamman yana kiran aikin kaciya. Kawu da kansa ya sha kwance akwatin hita daga bayan dashbod don a sami wurin sa kaset, ya jefa shi bayan rumfa.

Matar Kawu ita ce Inna Jummai. Haihuwarsu ɗaya, tagwaye, Hassana da Usaina, kuma dukansu da ciwon sikila suka zo. Usaina ta rasu tana da shekara biyar, a wata damina, bayan ruwa ya dake su a hanyar dawowa daga gidan suna. Aka bar Hassana ita kaɗai. Siririya ce, idanunta da ɗan rawaya-rawaya, amma bakinta ya fi na kowa kaifi a gidan. Sanyi ne ke tayar mata da ciwon. Da hadari ya haɗo za ka ga Inna Jummai ta fara neman safa da rigar sanyi, tana hura gawayi a kasko. In ciwon ya tashi, yarinyar kan ce kamar ana sara mata ƙashi da gatari, ta riƙe ƙarfen gado tana kiran sunan Allah.

Likitan da ya san ciwonta yana Zariya, can suke zuwa duk wata. A bas suke tafiya daga tashar Kawo, bas ɗin da rabin gilasanta kwali ne, rufinta na yoyo. Sau da yawa lafiya lau za su bar gida, kafin su wuce Katabu iskar damina ta gama da ita, su isa asibiti da ita a ɗauke. Kawu yakan cire babbar rigarsa ya naɗe ta, ya zauna da singileti, fasinjoji na kallonsa.

A shekarar 1991, shekarar da na shiga aji biyu a jami'a a Zariya, ya sayar da Vespa ɗinsa da ɗan filin da yake da shi a Katabu, ya ce mota zai saya. Dillalin motoci ya nuna masa wata 'yar Jidda mai iyakwandishan, ya ce don mutunci zai bar masa ita daidai da kuɗin wata 'yar Jamus da ke gefenta. Kawu ya zagaya ta, ya yaba, sannan ya shiga 'yar Jamus ɗin ya tayar, ya jira inji ya yi zafi, ya tura ɗan hannun nan zuwa ja. Ya sa tafinsa a bakin iskar ya daɗe. Da ya fito gumi na zuba a fuskarsa, ya ce wannan yake so.

Ranar da ya kawo ta rumfa, Mamman ya fito da filaya a hannu.

"Allah ya sa alheri, Tela. Kawo amaryar in yi mata kaciya, kyauta."

"In ka taɓa tiyon nan sai na ɗinke maka baki da zaren kujera."

"Kai dai ka cika abin mamaki. Mutane na neman sanyi da kuɗinsu, kai ka sayo murhu! Ko gasa masara za ka riƙa yi a hanya?"

Kawu ya buɗe ƙofar gaba. Mamman ya dube shi, ya dubi kujerar gaba da Kawu ya riga ya ƙara wa soso don ta yi tudu, sai ya mayar da filayarsa aljihu. Daga ranar bai sake yin wannan wasan ba, kuma duk sanda motar ta zo hannunsa, tiyon hita yake fara dubawa ko suna yoyo.

Kujerar gaban ta Hassana ce. Inna Jummai a baya take zama, ni kuma in tafiyarsu ta dace da komawata makaranta, sai in zauna kusa da ita da jakata a cinya. Kawu yana kiran Hassana Kwandasta, don ita ke ba da umarni.

"Direba, hura murhu."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Ba fuska ba, ƙafa. Kai wane irin direba ne? Zan rage maka albashi."

Takan cire takalmi ta miƙa ƙafafunta ƙarƙashin dashbod, inda ɗumin ke fitowa. Mu na baya mu yi ta gumi, gilasai a rufe ruf, ruwa na dukan rufi, motar na ƙamshin soso mai ɗumi da man zafin da Inna ke shafa mata. Wani lokaci ta juyo ta dube ni.

"Yaya Sa'a, ke da kike jami'a, mutanen Jamus ɗin nan duk sikila gare su?"

Na ce a'a, ƙasarsu ce ke da sanyi.

"To Allah ya yi musu albarka dai. Sun san darajar mutum."

Damina biyu suka yi a haka, ciwon bai taɓa tasar mata a hanya ba. Ko a gida in sanyin asuba ya yi yawa, Kawu kan tayar da motar a ƙofar gida, su zauna ciki su biyu tana shan kunu, har rana ta ɗaga. Maƙwabta suka saba da ganinsu. Ta yi ƙiba kaɗan, ta gama firamare, aka fara zancen sakandare.

Inna Jummai tana da ƙane, Ja'afaru, ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai fara'a da son kyautatawa. A watan Maris na 1993, tsakiyar bazara, ya ari motar don jigilar 'yan biki, za a yi auren abokinsa a Rigachikun. Kawu bai saba ba da ita ba, amma ba a hana suruki. Ja'afaru kuma ba mutumin da zai mayar da kayan aro yadda ya karɓa ba ne. Bayan biki ya kai ta wurin nasa bakaniken a cikin gari, ya ce a yi mata duk abin da ya kamata, shi zai biya. Aka juye baƙin mai, aka sa sababbin fulogi, aka wanke ta tas, ya cika tanki. Da ya kawo makulli bai tsaya lissafa alherinsa ba, don yin haka a gaban mijin yaya rashin kunya ne.

"Yaya Maliki, ga ta nan. An ɗan share mata ƙura."

"Haba Ja'afaru, har da wahala haka? Allah ya bar zumunci."

A zafin Maris da Afrilu ba mai tura hannun hita, ko Hassana. Motar kuma lafiyarta lau, ba abin da ya kai ta wurin Mamman.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Mayu, da la'asar, Hassana na hanyar dawowa daga Islamiyya. Kafin ta iso gida ta jiƙe sharkaf. Washegari da safe ciwon ya tashi, kuma wannan karon har da ƙirji, tana numfashi da ƙyar. A asibitin unguwa aka yi mata allura, aka ce a wuce da ita Zariya kada a tsaya. Ina gida a lokacin, sai mahaifiyata ta ce in bi su ko zan yi amfani.

Ruwa bai ɗauke ba tun jiya da la'asar. Kawu ya kwantar da kujerar gaba, aka shimfiɗa Hassana a kai, Inna ta rufa mata bargo. Muna barin Kawo, haƙoranta na haɗuwa, Hassana ta ce a hankali:

"Direba, murhu."

"Yanzu, ranki ya daɗe. Bari inji ya ɗan yi zafi."

Da muka hau titin Zariya ya tura hannun zuwa ja, ya kunna fanka. Iska ta fito. Na ga ya sa tafinsa a bakinta, ya cire, ya sake sawa. Ya mayar da hannun shuɗi, ya sake turawa ja da ƙarfi. Ya ƙara fanka har ƙarshe.

"Baba, sanyi take hurowa."

Ya kashe da sauri. Gilashin gaba ya fara yin hazo, yana gogewa da hannun riga. Muna shiga Rigachikun ya gangara gefen titi, ya ce in fito in riƙe masa lema. Ya buɗe bonet, ya leƙa can baya inda inji ke jingine da jikin mota. Ni ma na leƙa, don ya taɓa nuna min wurin. Tiyo biyun nan babu su. Guntu ɗaya ne aka lanƙwasa ya koma inda ya fito, an ɗaure shi da sabuwar waya. Bututun biyu da ke shiga cikin mota an bubbuge bakinsu sun lafe. Aiki ne mai tsafta, na wanda ya saba.

Kawu ya taɓa bututun da yatsa. Ya san ba abu ne da za a gyara a bakin hanya ba, sai an kwance dashbod gaba ɗaya, shi ya fi kowa sani. Ya tsaya ruwa na zuba a bayan wuyansa, don lemar ba ta kai mu biyu ba. Ya dube ni sau ɗaya, sannan ya rufe bonet a hankali yadda ba zai firgita ta ba.

Da muka shiga Inna Jummai ta ce, "Malam, lafiya?"

"Hitar ce ta lalace. Kayan ƙarfe ne."

Ya tuɓe rigarsa, ya ga ta jiƙe, ya ajiye. Na cire mayafina, Inna ta cire nata, muka ƙara mata a kan bargon. Inna ta zura hannuwanta ta tsakanin kujeru ta kama ƙafafunta tana murzawa. Haka muka bi hanyar, Kawu da singileti, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana goge gilashi. Wajen Katabu Hassana ta buɗe ido.

"Direba."

"Na'am."

"Na fasa rage maka albashin. Ka daina wannan fuskar."

Ya yi ƙoƙarin dariya, abin bai fito ba. Daga nan ba ta ƙara magana ba sai salati, har muka isa.

Kwana biyu ta yi a asibiti. An ƙara mata jini, an sa mata iskar numfashi, ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Likitan, wanda ya san su shekara da shekaru, ya ce ciwon ya riga ya kama ƙirjin tun kafin su baro gida. Kawu ya tambaye shi ko da a ce ta sami ɗumi a hanya fa. Likitan ya ce bai jin hakan zai canza wani abu. Kawu ya gyaɗa kai ya yi godiya, amma na ga amsar ba ta shige shi ba. A motar aka dawo da ita Kawo, a kujerar baya, kanta a cinyar mahaifiyarta.

Ja'afaru ya fi kowa hidima a zaman makoki. Shi ya kawo tabarmi da rumfa, shi ya yi ta kai da kawowa, idanunsa jajur don yana ji da Hassana ƙwarai. Bayan addu'ar bakwai, mutane sun ragu, na kawo musu ruwa a zaure na tarar yana neman abin da zai ce don ya ɗauke wa Kawu hankali.

"Yaya, ya motar kuwa? Wancan karon na sa yaron nan ya duba ta sosai. Ya ce ma wanda ya sayar maka bai yi mata aikin da ake yi wa Beljiyam ba, shi ya ƙarasa. Na ce ya kyauta."

Na tsaya da kofi a hannu. Mamman yana zaune a gefe, na ga ya ɗago kai da sauri ya buɗe baki. Kawu ya ɗora hannu a gwiwar Mamman.

"Na gani," in ji Kawu. "Allah ya saka da alheri, Ja'afaru."

"Amin, Yaya. Ai ba komai."

Mamman ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Inna Jummai ba ta taɓa jin wannan magana daga bakin Kawu ba. Ƙanenta ne kaɗai ya rage mata a Kaduna, kuma duk Juma'a yakan zo ya gaishe ta da ledar lemo. Kawu yakan tare shi a ƙofa, su gaisa, su ci abinci kwano ɗaya.

Bayan arba'in ya koma rumfa. Aikin farko da ya yi shi ne kwance dashbod ɗin motarsa. Ya tono wani tsohon akwatin hita cikin waɗanda ya jefar a bayan rumfa, Mamman ya wanke shi ya sa sababbin tiyo. Suka tayar da inji, Kawu ya tura hannun zuwa ja, ya sa tafinsa. Ɗumi ya fito. Ya mayar da shi shuɗi, ya kashe motar.

Har yanzu yana ɗinki a Kawo, gashinsa ya yi fari, idonsa ya fara gajiya da zura zare. Motocin Beljiyam sun ƙaru, masu su na ta kawo masa. Yana yi musu kujeru da rufi, amma in aka ce ya cire akwatin hita don a sa kaset, sai ya ce a kai wa wani. Ya kuma daina wasan nan na faɗin garin da mota ta fito.

Bara da damina ya rage min hanya zuwa wurin aiki. Na buɗe ƙofar gaba, na ga kujerar na nan da tudun sosonta, sai na rufe na koma baya. Ruwa ya tsuge muna kan hanya, gilashi ya yi hazo har ba a ganin motar da ke gabanmu. Ɗumin hita kan share hazon nan cikin ɗan lokaci, shi ya koya min haka. Hannun hitar na nan kusa da gwiwarsa, a kan shuɗi. Ya jawo hannun rigarsa ya goge gilashin, muka ci gaba da tafiya.